Kalyazin: Garin Da Ruwa Ya Ci Tsakiyarsa

A ajin Labarin Ƙasa mun sha ambaton kogin Volga, wanda ya fi kowane kogi tsawo a nahiyar Turai. Amma ba mu cika tsayawa a kan ƙananan garuruwan da ke bakinsa ba. Bari mu ɗauki ɗaya daga cikinsu, wato Kalyazin, kimanin kilomita 200 arewa da Mosko, inda ƙaramin kogin Zhabnya ke shiga Volga.

Garin ya yi suna ne ta dalilin wani bawan Allah mai suna Makari, wanda ya kafa gidan masu zuhudu a tsallaken kogin wajen shekara ta 1434. Mutane suka riƙa taruwa kusa da wurin, wasu don ibada, wasu don ciniki, gama Volga ita ce babbar hanyar fatake a lokacin. A 1775 Sarauniya Katarina ta Biyu ta haɗa unguwannin, ta ba su matsayin gari, daga bisani ya zama hedkwatar gunduma a lardin Tver. Tsakanin 1796 da 1800 aka gina hasumiyar ƙararrawa ta majami'ar Nikolas Mai Tsarki a filin kasuwa, tsawonta ya haura mita 70.

Sai zamanin Tarayyar Sobiyet ya zo. A 1929 aka rushe tsohon tsarin larduna, aka sa gundumar Kalyazin a ƙarƙashin jihar Mosko. A 1935 aka mayar da ita sabuwar jihar Kalinin. Kada ɗalibai su rikice a nan: Kalinin ɗin nan Tver ce, an sake mata suna ne don girmama wani shugaban kwaminis, kuma a 1990 ta koma sunanta na asali. Har yau Kalyazin ita ce hedkwatar yankinta a jihar Tver. Ƙidayar 2010 ta nuna mutanenta ba su kai 14,000 ba.

Duk waɗannan canje-canje na takarda ne. Wanda ya taɓa jikin mutane shi ne na 1939 zuwa 1940, sa'ad da aka datse Volga a Uglich domin samun wutar lantarki da kuma zurfin da manyan jiragen ruwa za su bi. Ruwa ya yi baya, ya rufe tsohon garin. Aka kwashe mutane zuwa tudu, aka rushe majami'ar, aka rushe gidan zuhudun da ya yi shekara ɗari biyar yana tsaye. Gwamnatin da ba ta yarda da Allah ba ba ta ga asara a nan ba. Mu da muka san yadda madatsar Kainji ta cinye tsohuwar Bussa a 1968 za mu iya kwatanta abin da mutanen suka ji ranar tashi.

Hasumiyar kaɗai aka bari, domin ta zama alama ga matuƙan jiragen ruwa. Ta yi shekaru tana tsaye a cikin ruwa, ruwan sama da ƙanƙara suna cin bangonta, kafin aka tara ƙasa da duwatsu kewaye da ita aka yi mata ɗan tsibiri. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 masu bi suka sami 'yancin ibada, daga baya suka soma shiga kwalekwale suna zuwa yin sujada a gindinta. A 2021 aka yi mata cikakken gyara. Jiragen 'yan yawon buɗe ido da ke tasowa daga Mosko zuwa Uglich sukan wuce dab da ita, suna bi ta kan inda kasuwar garin take a dā.