Mabiyiya: Katangar Tsaron Da Aka Gina Da Kod Ɗin Bairos

Masu amfani da kwamfuta sun san aikin katangar tsaro: ta bar bayanan da aka amince da su su wuce, ta tare sauran. Kusan irin wannan aikin mabiyiya take yi a cikin mahaifar mace, da ta akuya, da ta saniya.

Mafi yawan mabiyiya daga ƙwan da ya zama ɗan tayi take tsirowa. Tana manne wa bangon mahaifa, igiyar cibiya kuma ta haɗa ta da jariri da jijiyoyin jini guda 3. A wajen ɗan Adam, nauyinta lokacin haihuwa kusan rabin kilo ne. Jinin uwa da na ɗa ba sa gauraya. Wani siririn bango ne ya raba su, ta cikinsa oksijin da sinadaran abinci suke shiga, dattin jikin jariri kuma ya fita. Ita ce kuma take samar da sinadarin hCG, wanda tsinken gwajin ciki yake ganowa a fitsari.

Abin mamakin shi ne yadda aka gina bangon. Ƙwayoyin halittar da ke samansa narkewa suke yi cikin juna su zama shimfiɗa ɗaya wadda ba ta da tsaga. A shekarar 2000 masana suka gano cewa sinadarin da ke haɗe su, mai suna sinsitin, asalinsa na bairos ne. Miliyoyin shekaru da suka wuce wani bairos ya saka kod ɗinsa cikin DNA, aka yi ta gadonsa. Dabarar da yake amfani da ita wajen kutsawa cikin ƙwayar halitta ita ce ta koma aikin gina kariya. A duniyar manhaja, kamar a ɗauko kod ɗin ɗan kutse ne a rubuta manhajar tsaro da shi. A 2009 an cire irin wannan kod ɗin daga ɓeraye, sai 'ya'yan suka mutu tun suna ciki.

Sai dai katangar tana da ƙofofi. Giya da nikotin ɗin sigari suna ratsa ta. Ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro kuwa taruwa suke yi a cikinta, su rage abincin da ke isa ga jariri, a haife shi ba nauyi. Shi ya sa ake ba masu juna biyu maganin rigakafin maleriya a wajen awo, kuma tsallake shi ganganci ne.

Kowace dabba da tsarinta. Mabiyiyar mace tana miƙa wa jariri sinadaran garkuwar jiki tun kafin haihuwa. Ta saniya da akuya da tunkiya bangonta ya fi kauri, ba sa iya wucewa. Don haka ɗan maraƙin da bai sha dakashi a sa'o'in farko ba, cuta ba ta da wuyar kayar da shi.