Gashin Ciwon Daji: Abin Yi da Abin Bari

Sati shida na yi ina kwanciya ƙarƙashin injin gashi, Litinin zuwa Juma'a. 'Yar'uwa, in an rubuta miki shi, saurara, ba lallashinki zan yi ba.

Kada ki yi fashin ko rana ɗaya. An raba gashin ne kaɗan-kaɗan, kowace rana da rabonta, don ƙwayoyin dajin su mutu, lafiyayyun kuma su samu sararin farfaɗowa. Biki, suna, gaisuwar rasuwa, duk a yi ba ke. In inji ya lalace, kuma yakan lalace, kada ki tattara kayanki ki koma gida sai likita ya faɗa miki yadda za a cike giɓin.

Kada ki goge alamar da aka zana a jikinki. Da ita ake saita hasken.

Ki kwanta shiru, ban da motsi. Sunan ne kawai gashi, ba wuta, ba zafi. Ma'aikatan za su fita su bar ki ke kaɗai, amma suna ganinki, suna jin ki.

Ki kula da fatar wurin kamar ta jariri. Wajen sati na biyu ko na uku za ta fara duhu da ƙaiƙayi. Ban da susa, ban da soso, ban da dilka, turare da man bilicin, ban da ruwa mai zafi. Ki sa riga sakakkiya ta auduga, ki kare wurin daga rana. Kowa zai zama likitanki a lokacin nan. Gwaggona ta kawo mini garin magani a ƙulle, wai a kwaɓa a shafa. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na tura shi ƙarƙashin gado. Duk abin shafawa ko na sha, sai likita ya gani.

Ki ci abinci ko bakinki ba ya so: kunu, nono, ƙwai, wake. In a wuya ko baki ake gashin, ki rabu da yaji.

In kina zargin juna biyu, ki faɗa tun kafin a fara.

Kada ki yarda a ware miki kwano. Gashin da inji ke yi daga waje ba ya barin komai a jiki, rungumi 'ya'yanki. Wanda ake saka wa mutum a cikin jiki ƙa'idarsa daban, ki tambaya.

Ranar da aka gama, kada ki ɗauki taɓarya. Gajiyar da gashin ke sawa na nan, fatar kuma kan ƙara tsanani sati ɗaya ko biyu kafin ta lafa.