Karya layin waya ba ya biyan bashi

Bashi a ƙauyukan Bichi da Dambatta da Kunci da Makoɗa yana bin zagayen noma ne. Gonaki ƙanana ne, rabon gado ya yayyanka su, kuma ba sa bayarwa sai da taki. Magidanci yakan ci bashi da faɗuwar damina, ko a watan Agusta idan rumbu ya yi ƙasa. A da wurin ɗan kasuwar hatsi ake zuwa, a biya da kaka. Yanzu ga manhajojin waya masu ba da rance nan take, da ruwa mai nauyi da wa'adin mako biyu ko wata guda, alhali babu geron da ke nuna cikin wata guda.

Maganar da ta fi ɓata mutane ita ce wai idan biya ya gagara, a cire layin a karya, shi ke nan. Wannan ba gaskiya ba ne. Bashin yana rataye da lambar BVN ta banki, ba da layi ba. Tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar cire kuɗin bashi daga duk wani asusu da ke ɗauke da BVN ɗin mutum, kuma sunan wanda ya ƙi biya yana shiga kundin masu taurin bashi. Ranar da ya nemi rancen taki na gaskiya, a nan zai gamu da tsohon bashin. Masu manhajar kuwa, in sun rasa shi, sai su koma kan surukai da maƙwabta da saƙonnin cin mutunci. Wannan ma laifi ne. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye tana yi wa kamfanonin rajista tun 2022, tana kuma karɓar ƙorafi, don haka a adana saƙonnin, kada a goge.

Barazanar ɗan sanda ma ba ta da tushe. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi zalla, ta kuma hana kama ɗa ko ƙane a madadinsa. In da zamba a ciki, wannan daban. Abin takaici ne yadda har yanzu ake mayar da caji ofis wurin karɓar bashi.

Wanda ya ga ba zai iya biya ba, ya je wurin mai binsa bashin tun wa'adi bai cika ba, tare da mai unguwa ko wani dattijo. Dagaci da Hisbah suna yin sulhu. A nemi sassaucin ruwan, a raba uwar kuɗin daidai da lokacin girbi, a rubuta gaban shaidu. Kada a ci sabon bashi don toshe tsohon.

Babban haɗari shi ne jinginar gona. Mutum ya miƙa gonarsa don kuɗin da tunkiya biyu za su biya, ya koma ƙwadago a gonar wasu. Mai jingina yana noma yana ci, mai gona ba shi da amfanin da zai fanshe ta da shi. Shekaru su ja, shaidu su mutu, magada su ce saye ne. A sayar da dabba ko babur kafin a taɓa gona. In ya zama dole, a jinginar da ɓangare kawai, takarda ta nuna iyakoki da kuɗi da kalmar jingina ƙarara, da sa hannun dagaci, kowa ya riƙe kwafinsa.