DARASI DOMIN ƘUNGIYOYIN GAMA KAI: HARAJIN MASANA'ANTU DA MAKARANTAR 'YA'YANMU

'Yan'uwa manoma, da wuya a sami ikkilisiya a karkarar Kano da ba ta da ɗa ko ƙane da ya taɓa aikin kamfani a Bompai, ko Sharaɗa, ko Challawa. Waɗansu majemar fata suka shiga, waɗansu masaƙa, waɗansu gidan roba. Gumin nan nasu yana cikin ribar kamfani, ribar kuwa an ɗora mata harajin ilimi a 1993. A darasin nan muna so mu ga yadda harajin ya samu, da inda ya nufa, gama abin ya shafi ajin da yaranmu suke zama a ƙasa.

Haɗin kan malaman makaranta ba sabon abu ba ne. An kafa ƙungiyar malamai ta Nijeriya, wato NUT, a 1931, shugabanta na fari kuwa limamin ikkilisiya ne, Rabaran Ransome-Kuti. A Arewa, Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, tun bai shiga siyasa sosai ba.

Amma abin da za mu daɗe a kansa ya faru ne a 1992. A shekarar nan malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta ASUU. Shugabansu a lokacin shi ne Attahiru Jega, malami a Jami'ar Bayero ta Kano. Gwamnatin soja ta Janar Babangida ta ce ba kuɗi, har ta haramta ƙungiyar. Malaman ba su tsaya ga kuka kaɗai ba. Suka nuna wa gwamnati inda za ta samo kuɗin: a karɓi wani ɗan kaso daga ribar kamfanoni, a ajiye shi a asusu dabam domin ilimi. Daga nan Doka mai lamba 7 ta 1993 ta fito, ta sa harajin kashi 2 cikin 100 a kan ribar kamfanonin da aka yi wa rajista a Nijeriya. Kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai suna ciki.

A ganinmu nan ne hikimar take. Mai mulki ya saba da jin "ba mu da kujeru". Ya kan ce "sai a yi haƙuri", taro ya watse. Amma idan aka zo masa da lissafi, aka ce ga bukata, ga kuɗinta, ga aljihun da za ta fito, haƙurin nan ba shi da wurin zama. Ku dubi Nehemiya sura 2: da ya tsaya gaban sarki, ya faɗi lokacin da zai ɗauka, ya roƙi takardu zuwa ga masu mulki, ya roƙi katako, har ya ambaci mutumin da yake tsaron kurmin.

Sai dai labarin bai ƙare yadda za mu so ba. Da fari asusun yana gina azuzuwa har a firamare da sakandare. A 2011 aka sake doka, aka mai da shi TETFund, domin jami'o'i da kwalejoji kaɗai. Wato harajin majemar Challawa ya daina isa firamaren Panshekara da take maƙwabtaka da ita. Ba mu ga laifin malaman jami'a ba, su suka nema, su suka bi sawu. Mu ne ba mu da bakin magana a wurin.

To, daga ina kuɗin ginin firamare yake zuwa? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun Tarayya ga hukumar UBEC. Amma jiha ba ta karɓar rabonta na gine-gine sai ta ajiye nata kuɗin daidai da shi. In jiha ta yi jinkiri, kuɗin ya kwanta a Abuja, rufin kuwa yana yoyo a ƙauye. Saboda haka ƙofar da za a ƙwanƙwasa tana nan Kano: hukumar SUBEB, da Majalisar Dokoki ta Jiha, da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Gwamnatin Kano ta yi shelar ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024. Alkawura ne da aka yi a bainar jama'a, ba rashin ladabi ba ne a tuna wa mai alkawari.

Malamin firamare shi kaɗai yana tsoro, gama takarda ɗaya ta isa a yi masa canji zuwa nesa. Manomi kuwa ba mai yi masa canji daga gonarsa. Shi ya sa ƙungiyar gama kai za ta iya faɗin abin da hedimasta ba zai iya sa wa hannu ba. A nemi maƙwabtanmu Musulmi su shiga tun daga fari, gama benci ɗaya yaranmu suke rabawa.

Kafin taron wata mai zuwa, bari kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su ziyarci firamaren garinsu da izinin hedimasta. Su ƙirga yara, da malamai, da azuzuwan da suke da rufi, su tambayi kafinta kuɗin benci ɗaya. Ma'aji ya rubuta duka a littafin ƙungiya, a kawo kwafi ga kwamitin makaranta.