Ruwa a Ƙasar Sin: Ƙarancinsa da Ƙazantarsa

Ƙasar Sin tana gabashin Asiya. Mutanenta sun kai miliyan 1,400, watau fiye da kashi ɗaya cikin shida na mutanen duniya duka, amma rabonta na ruwan daɗi bai wuce kashi 6 ko 7 cikin 100 ba. Ɗan abin da ke akwai ɗin ma bai rabu daidai ba. Kusan kashi huɗu cikin biyar na ruwan yana kudu, wajen kogin Yangtse, alhali kuwa yawancin gonakin alkama da masara suna arewa, inda damina take gajeruwa.

Tun daga shekarar 1978, sa'ad da Deng Xiaoping ya buɗe wa ƙasar ƙofar ciniki da sana'a, sai ma'aikatu suka yi ta tsirowa a bakin koguna: na takarda, da na rini, da na jima, da na takin zamani. Mutanen karkara kuma suka yi ta kwarara cikin birane. Kowace ma'aikata tana ɗiban ruwa mai kyau ta mayar da mai dauɗa, haka kuma kowane birni. Nan ne wahala biyu suka haɗu suka zama ɗaya. Kogi idan ya cika yana iya haɗiye ƙazanta kaɗan ya wuce da ita, amma in an janye rabin ruwansa, ƙazantar nan ita ce za ta rinjayi sauran. Ruwan da ya ɓaci kuwa, ko da yana malala a ƙofar gida, daidai yake da babu.

Kogin da ya kasa kaiwa teku

Babban kogin arewa shi ne Rawayen Kogi, wanda Sinawa suke kira uwar ƙasarsu. Lardunan da ke sama suka yi ta datse shi suna ban ruwa, kowa yana ɗiba iyakar ƙarfinsa ba mai tuna na ƙasa. A 1972 kogin ya ƙafe kafin ya kai teku. Abin ya yi ta maimaituwa, har a 1997 ya yi kwana 226 ba ya kaiwa. Manoman lardin Shandong, da yake su ne a ƙarshe, su suka fi kowa shan wuya.

Maganin da aka yi ba na ƙarin ruwa ba ne. A 1999 Gwamnati ta danƙa rabon ruwan kogin duka a hannun hukuma guda, aka tsare kowane lardi a kan rabonsa. Tun daga wannan shekara kogin bai sāke yankewa ba.

Birane biyu da famfo ya gagara

Ran 13 ga Nuwamba 2005 wata ma'aikatar sarrafa man fetur ta fashe a birnin Jilin, kimanin tan 100 na wani dafi da ake kira benzin da danginsa suka zuba cikin kogin Songhua. Dafin ya bi ruwa, tsawonsa ya kai mil 50, ya doshi Harbin, birni mai mutum kusan miliyan 4. Da fari mahukuntan birnin suka ce wa jama'a za a rufe famfo ne don gyaran bututu. Mutane ba su yarda ba, jita-jita ta cika gari, aka yi ta rububin sayen ruwan kwalba, sa'an nan aka fito da gaskiya. Famfo ya yi kwana huɗu a rufe. Dafin ya ƙetare har ƙasar Rasha, shugaban hukumar kiyaye muhalli ta ƙasa kuma ya ajiye aikinsa. Ɓoyewar nan ba ta rage ko ɗigo ɗaya na dafin ba, sai dai ta rage wa jama'a kwanakin shiri.

Abin da ya sami birnin Wuxi a ƙarshen watan Mayu 2007 ya fi wannan abin lura, domin ba haɗari ba ne, ba kuma laifin ma'aikata ɗaya ba. Birnin yana kudu, inda ruwa yake da yawa, a bakin babban tafkin Tai. Tafkin faɗi gare shi, amma matsakaicin zurfinsa bai fi ƙafa 6 ko 7 ba. Shekara da shekaru ruwan kwata na garuruwa, da na ma'aikatu, da takin zamani da ruwan sama yake wankowa daga gonaki, duk suna taruwa a ciki. Taki kuwa aikinsa ɗaya ne, ko a gona ko a ruwa: ya ciyar da tsiro. Da zafi ya zo, ruwa ya ja baya, sai gansakuka ta rufe tafkin, ta ruɓe, famfo ya riƙa kawo ruwa mai ɗoyi wanda ko wanka ba a iya yi da shi. Mutum wajen miliyan 2 suka yi kusan mako guda ga tafki a gabansu, ga ƙishirwa.

Daga nan ne Wuxi ta soma naɗa wa kowane kogi shugaba daga cikin manyan ma'aikatan hukuma, kamar yadda kowace unguwa take da mai unguwa. Ana kafa allo a bakin ruwa da sunansa, in ruwan ya ɓaci shi za a tambaya. A ƙarshen 2016 aka umurci ƙasar duka ta bi wannan tsari. Gansakukar dai ta yi ta dawowa shekaru bayan haka, don takin da ya kwanta a gindin tafki ba ya fita da sauri.

Aron ruwa daga kudu

Tun 1952 Mao Zedong ya kawo shawarar arewa ta ari ruwa daga kudu, amma sai 2002 aka soma aikin. Hanyar tsakiya, wadda aka buɗe a Disamba 2014, ta taso daga madatsar Danjiangkou ta yi tafiyar kusan mil 800 zuwa Beijin, babban birnin ƙasar. Kafin a ɗaga madatsar sai da aka tashi mutum fiye da 300,000 daga gidajensu da gonakinsu. Hanyar gabas, wadda aka buɗe a 2013, ta bi tsohuwar hanyar jiragen ruwa da sarakunan dā suka haƙa, ta ratsa tafkunan da ma'aikatun takarda suka riga suka ɓata. Dole aka rufe ma'aikatu masu yawa, aka gina wuraren tace ruwan kwata, kafin a saki ruwan, in ba haka ba da an kashe dukiya mai yawa an kai wa arewa abin da ba ya shayuwa.

A 2015 Gwamnati ta fito da babban shiri mai sharuɗɗa goma na tsabtace ruwa, koguna da yawa kuwa sun gyaru bayansa. Na ƙarƙashin ƙasa shi ne mai wuyar sha'ani. A arewa an daɗe ana haƙa rijiyoyin burtsatse ana zuƙe ruwa fiye da abin da damina take mayarwa, har ƙasa ta lotsa a wasu wurare, cikinsu har da Beijin da Tianjin. Awon da hukuma ta bayyana a 2014 ya nuna kusan kashi 60 cikin 100 na wuraren da aka gwada ruwan ƙasa, ruwansu ba shi da kyau. Kogi yana sāke ruwansa kowace damina, amma ruwan da ke can ƙarƙashin ƙasa tafiyarsa a hankali take ƙwarai, ƙazantar da ta shige shi takan yi shekaru masu yawa ba ta fita ba.