Yadda Jami'o'in Bincike Ke Ja da Gwamnati: Amsar Wasiƙa Daga Samaru

Da ƙarfe takwas na dare ya buga, mai gabatar da shirin amsa tambayoyi ta yi wa masu sauraro sallama, ta ɗauko wasiƙar farko. Daga Samaru ta Zariya ta fito, rubutun hannu ne a takardar da aka yago daga littafin lakca. Mai wasiƙar ɗalibi ne mai neman digiri na biyu. Ya ji a labarai cewa jami'o'in Amurka sun maka gwamnatinsu a kotu kan kuɗin bincike, shi ne yake son sanin yadda jami'a za ta ja da mai ba ta kuɗi.

Ta gaishe shi da Malam, sannan ta ce masa ai ba jami'a ɗaya ce ta yi wannan ƙarfin hali ba. Ƙungiya ce, ana kiran ta AAU. Jami'o'i 14 masu ba da digirin digirgir ne suka kafa ta a birnin Shikago a 1900, lokacin da jami'o'in Turai ke yi wa digirin Amurka kallon raini. Sai an gayyaci jami'a take shiga, kuma ofishinta na Washinton, birnin da majalisar dokoki take.

Ta bayyana cewa rigimar ta taso ne a watan Fabrairun 2025, lokacin da hukumar binciken lafiya ta ƙasar, wato NIH, ta ce za ta rage wani kaso da take ɗorawa kan kowane tallafin bincike zuwa kashi 15 cikin 100. Wasu jami'o'in suna karɓar fiye da kashi 50. Da wannan kaso ake biyan kuɗin wuta, da gyaran ɗakin gwaje-gwaje, da firjin da ke ajiye samfurin jini dare da rana, da albashin masu kula da dabbobin gwaji. Ta ce duk ɗalibin da ya taɓa rasa samfurinsa saboda an ɗauke wuta janareta kuma babu mai, ya san sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Hukumar ta ce matakin zai rage mata kashe kimanin dala biliyan 4 a shekara.

Kwana uku da sanarwar, AAU da wasu ƙungiyoyin jami'o'i suka shigar da ƙara a Boston, jihohi 22 ma suka shigar da tasu. Mai shari'a Angel Kelley ta dakatar da matakin.

Sai dai mai gabatarwar ta ja hankalin ɗalibin ga aikin da ba a gani a talabijin. Tun a 2017 gwamnati ta taɓa neman rage kason zuwa kashi 10. Shugabannin jami'o'i suka yi ta sintiri a ofisoshin 'yan majalisa, ɗauke da alƙaluman ayyukan yi da kuɗin da bincike ke kawo wa mazaɓar kowannensu. Majalisa ta saka sharaɗi a dokar kasafin kuɗi da ya hana hukumar taɓa tsarin ita kaɗai. Wannan sharaɗi ne lauyoyin jami'o'in suka riƙe a gaban kotu bayan shekaru. Mai gabatarwar ta kuma faɗi sukar da ake yi wa irin waɗannan ƙungiyoyi, cewa manyan jami'o'i ne kawai a ciki, ƙanana kuwa sau da yawa ba su da mai yi musu magana.

Ana cikin haka sai ga saƙon waya daga wata malamar sakandare a Kumasi, tana tambayar ko Afirka na da irin wannan. Ta amsa mata da cewa e, Malama, akwai ARUA, wadda aka ƙaddamar a Dakar a 2015, sakatariyarta kuma na Akara. Jami'o'in Legas, Ibadan da Obafemi Awolowo suna cikin waɗanda suka fara ta, kuma tana cikin masu tunatar da gwamnatoci alƙawarin Tarayyar Afirka na ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa ga bincike.

A Najeriya kuwa, in ji ta, ƙungiyar malamai ta ASUU ce ta fi taka wannan rawa. Yarjejeniyar da ta cim ma da gwamnati a 1992 ita ta haifar da asusun harajin ilimi a 1993, wanda ya koma TETFund a 2011. Ta ce wa ɗalibin na Samaru, in ya fita lakca gobe ya ɗaga kai ya dubi bangon gine-ginen makarantarsu, zai ga sunan asusun rubuce a jikin da yawa daga cikinsu. Daga nan ta ninke takardarsa, ta jawo wasiƙa ta gaba, wadda ta fito daga Maraɗi.