Gudawa a tantin Mina: abin da nake faɗa wa kowane maniyyaci

Dare na biyu a Mina aka zo aka tashe ni, wai wani dattijo ya kasa miƙewa. Na tarar da shi kwance, idanu sun faɗa, baki ya bushe ƙayau, bugun jininsa na sauri amma ba ƙarfi. Gudawa ta kama shi tun bayan azahar, ya zaga sau bakwai ko takwas, rabonsa da fitsari kuwa tun da safe. Na ce, “Baba, me ka sha tun da abin ya fara?” Ya ce, “Likita, ai na daina shan komai. In na sha fita yake yi, ga layin banɗaki ba ya ƙarewa.”

Na sha jin wannan amsa a aikina na likita mai rakiyar alhazai, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali. Yawancin gudawar matafiya takan tsaya da kanta cikin kwana uku zuwa biyar. Abin da ke kai mutum ga halaka shi ne ruwa da gishirin da jiki ya zubar ba a mayar masa ba. A Makka kuma gumi na ɗibar nasa kason. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum 1,301, da yawansu saboda zafin rana. Mai gudawa da ya ƙaurace wa ruwa a irin wannan yanayi, ƙodarsa ce ke fara gazawa.

Da muka bi diddigi, sai ga robar shinkafa da kaza a gefen katifarsa. Tun daren jiya aka raba ta, ya ci rabi, ya rufe sauran ya ajiye, ya ƙarasa da hantsi. Ban ga laifin zuciyarsa ba, don an tarbiyyantar da mu a kan cewa zubar da abinci almubazzaranci ne, balle a ƙasa mai tsarki. Amma shinkafa tana da wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, wadda dahuwa ba ta kashe irinta. Da zarar tukunya ta huce sai ta farka ta hayayyafa, ta saki dafi a cikin abincin, kuma wani nau'in dafin ko an sake ɗumama shinkafar yana nan daram. Haka dafin Staphylococcus, wanda ke shiga abinci daga hannun mai girki ko mai rabo. Irin waɗannan ne ke sa mutum amai cikin awa ɗaya zuwa shida da cin abinci, shi ya sa za ka ga 'yan ɗaki guda sun kwanta kusan lokaci ɗaya. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a abinci tsakanin digiri 5 da digiri 60. Dafaffen abincin da ya wuce awa biyu a waje ba firji, a haƙura da shi. In ana tsananin zafi, awa ɗaya ma ta isa. Kuma hanci ba ya gane shi, abinci yakan yi ƙamshi lafiya lau alhali ya riga ya lalace. Mai gudun almubazzaranci ya karɓi daidai cikinsa, ko ya miƙa wa wani tun da zafinsa.

Mutanenmu kan ce “canjin ruwa ne”, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Hanjin kowa ya saba da ƙwayoyin garinsu. Ɗan kasuwar da ya sauka Guangzhou ko Dubai, ɗalibi a Alƙahira, mai jinyar ɗan'uwa a Delhi, duk sukan gamu da wasu nau'o'in E. coli da cikinsu bai sani ba, kuma su ne kan gaba wajen jawo gudawar matafiya. Hanyar shigarsu sananniya ce: ƙanƙarar da aka jefa a lemo, salak da aka wanke da ruwan famfo, kankana ko gwanda da aka yanka aka bari a buɗe, miyar da ta yini a kan tebur ba zafi ba sanyi. Abin da aka sauke yana tururi da ɗan itacen da ka ɓare da hannunka sun fi aminci, haka ruwan gora wanda kai ka karya murfinsa. Guzurinmu busasshe irin garin rogo da ƙuli-ƙuli ba shi da matsala muddin yana bushe, amma in aka jiƙa shi a ci nan take. Hannu kuma a wanke da sabulu. Man shafawa na kashe ƙwayoyin cuta yana da amfani, sai dai ba ya cin norovirus sosai, ita ce kuwa ke bin cunkoso tana kwantar da ɗaki guda da amai.

Dattijon nan, ruwan gishiri da sukari na fara haɗa masa, kurɓi kaɗan kaɗan, kafin a kai shi asibitin Mina a yi masa ƙarin ruwa. Wasu na raina wannan haɗin, suna ganin na yara ne. A 1971, lokacin yaƙin Bangladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan ƙari ya ƙare, wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya koma ba mutane wannan haɗi da baki. Mace-macen da ke kusan kashi 30 cikin ɗari suka sauko ƙasa da kashi 4. Sirrin shi ne sukari na jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya bi su, ko da ana cikin gudawar. Don haka maganar “in na sha fita yake yi” ba ta cika gaskiya ba, wani kaso yana shiga jini. A saka ƙullin wannan haɗi, wato ORS, kamar goma a jakar hannu tun daga gida, a karanta adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita ɗaya. In babu, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. In amai ya zo, a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Lemon kwalba ba ya maye gurbinsa, sukarinsa ya yi yawa, yakan ma ƙara gudawar. Abinci marar maiƙo kuma a ci gaba da ci, kamar kunu, ayaba, farar shinkafa sabuwar dahuwa.

Sai batun ƙwayoyi. Kusan kowace jaka na buɗe sai na ga Flagyl da kafso, ana haɗiya tun zagayen farko. Dafin da ke cikin abinci ba ya jin maganin kashe ƙwayoyin cuta, norovirus ma haka, Flagyl kuwa aikinsa a kan wasu cututtuka ne daban irin amiba, waɗanda sai an duba ake tabbatarwa. Imodium yana tsayar da zagaye, yana kuma taimakon babba mai ƙaramar gudawa da zai hau jirgi ko doguwar mota. Amma in akwai zazzaɓi ko jini a bayan gida, kada a taɓa shi, kuma ba a ba ƙananan yara. Na san dalilin da ya sa alhazai ke son sa, suna so alwala ta riƙe su yi ɗawafi ko su je jifa. Marar lafiya yana da damar wakilta wani ya yi masa jifa, malaman tawaga suna nan a tambaye su.

Akwai waɗanda ba na so su jira ko kaɗan: tsofaffi, masu juna biyu, yara, masu ciwon sukari, hawan jini ko ƙoda. Wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa fitsari, da metformin na masu sukari, sukan cutar da ƙoda ko jini idan jiki ya bushe, saboda haka likita ya kamata ya faɗi wanda za a dakatar na ɗan lokaci, kada a yanke hukunci a ɗaki. Kowa kuma, in ya ga jini a bayan gida, ko amai ya hana ruwa zama, ko fitsari ya ɗauke, ko jiri na ɗibarsa in ya miƙe, ko hankalinsa ya fara gushewa, to asibiti kai tsaye. A Saudiyya lambar motar asibiti 997 ce.

In kuma akwai zazzaɓi, Alhaji, Hajiya, ku faɗa wa likitan can daga ƙasar da kuka fito, ku nemi a yi gwajin maleriya. Takan zo da amai da gudawa, mutum yakan taso da ita a jininsa daga Kano ko Maraɗi ta bayyana bayan sati biyu, likitan da ba ya yawan ganinta kuma zai iya ɗauka abinci ne kawai.